Shin Naman Kaza na Magani Yana Rage Kumburi Mai Daɗewa a Jiki?

Tambaya: Mahaifiyata ta daɗe tana fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda likita ya ce garkuwar jikinta ce ke cin gaɓɓanta. Tana shan methotrexate sau ɗaya a mako, amma gwajin CRP ɗinta, mai auna kumburi a jini, ya ƙi sauka. Ni kuma ina da ƙiba da ciwon suga, an ce mini akwai ɗan kumburi a jinina. Ina yawan ganin tallan garin naman kaza irin su reishi da chaga da kodisef, ana cewa suna kashe kumburi tun daga tushe. Gaskiya ne? Wanne za mu sha, nawa za mu sha, kuma zai iya maye gurbin maganin Mama?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, kai ma Ya ƙara maka sauƙi. Bari mu fara da ƙarshen tambayarka, domin a nan hatsarin yake: kada Mama ta ajiye methotrexate saboda wani gari ko kafso na naman kaza. Amosanin gaɓɓai irin nata, idan aka bar shi babu maganin da ke danne shi, yana cinye guringuntsi da bakin ƙashi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Kai kuwa, akwai ɗan abin da za ka iya gwadawa. Dalilin da ya sa amsarku ta bambanta shi ne abin da masu talla ba sa son taɓawa.

Kumburinku ba iri ɗaya ba ne. Na Mama garkuwar jiki ce ta ruɗe, ta ɗauki fatar da ke lulluɓe cikin gaɓa a matsayin abokiyar gaba. Naka kuwa kumburi ne na ƙasa-ƙasa: kitsen da ya taru a ciki yana sakin sinadaran kiran garkuwa irin su IL-6 da TNF, shi kuma IL-6 yana sa hanta ta ƙera CRP. A gwajin hs-CRP, wato gwajin CRP mai iya gano ɗan ƙaramin adadi, ƙasa da miligiram 1 a lita ana ɗaukarsa ƙaramin hatsari ga zuciya, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 babba. In ya haura 10, a fara neman wata cuta mai ci yanzu, ko da mura ce ko ciwon haƙori, a sake gwajin bayan mako biyu.

Abin da ke cikin naman kazar

Sinadaran da ake magana a kansu manya guda huɗu ne, kuma ba waje ɗaya suke jan akala ba.

Na farko kuma mafi yawa shi ne beta-gulukan, dogon sarƙar sukari da ke bangon ƙwayoyin naman kaza. A 2001 Gordon Brown da Siamon Gordon na Jami'ar Oxford suka nuna cewa ƙwayoyin garkuwarmu suna da wata ƙofa ta musamman, Dectin-1, wadda ke gane wannan sarƙa. Jiki ya tanadi ƙofar ce don ya gane cututtukan fangas ya tashi ya yaƙe su. Ke nan aikin beta-gulukan na farko shi ne tayar da garkuwa. Wannan ne ya sa Japan ta amince da PSK, wanda ake tacewa daga naman kazar Trametes versicolor, a 1977, sannan ta amince da allurar lentinan, wani beta-gulukan daga naman kazar shitake, a 1985, dukkansu a matsayin tallafi ga masu jinyar kansa, inda ake son garkuwa ta ƙara ƙaimi. Masu talla sukan kawo waɗannan biyun a matsayin hujjar cewa naman kaza na maganin kumburi, alhali hujjar ɗaya ɓangaren take nunawa.

Akwai binciken da duk mai amosanin gaɓɓai ya kamata ya ji labarinsa. A 2005 masana a Japan sun yi aiki da wani jinsin ɓeraye da ake kira SKG, waɗanda a halittarsu suke da saurin kamuwa da amosani. Idan aka rene su a wuri mai tsananin tsafta, cutar ba ta tasowa. Da aka yi musu allurar beta-gulukan sau ɗaya, sai amosani mai tsanani ya tashi, ya kuma daɗe. Gaskiya ne ɓeraye ne, kuma allura ce aka yi musu, ba ta baki suka sha ba, don haka ba za a ce haka zai faru da Mama ba. Amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara da ba wa mai garkuwar da ta riga ta wuce gona da iri abin da ke ƙara zaburar da ita, musamman tana kan maganin da aikinsa shi ne kwantar da ita.

To ta ina beta-gulukan zai rage kumburi? Hanyar da ta fi gamsarwa ita ce ta hanji. Cikinmu ba ya narkar da shi, sai ya wuce zuwa babban hanji, inda bakteriya masu amfani ke cinye shi su fitar da gajerun sinadaran maiƙo irin su butiret. Butiret shi ne babban abincin fatar babban hanji, yana ƙarfafa ta yadda gubar bakteriya ba za ta riƙa yoyo cikin jini ba, kuma wannan yoyon yana cikin abubuwan da ke rura kumburin masu ƙiba. A 2015 masana a Jami'ar Chang Gung da ke Taiwan sun ba ɓerayen da ake ciyar da su abinci mai maiƙo tataccen ruwan reishi. Ƙibarsu ta ragu, kumburi ya ragu, gubar da ke jininsu ta ragu. Da aka ɗauki bakteriyar hanjinsu aka sa wa wasu ɓerayen, su ma suka samu amfanin. Wannan hanyar ta fi dacewa da irin kumburinka fiye da na Mama.

Na biyu shi ne tiritafin, sinadaran da ke ba reishi ɗacinsa, an ƙirga fiye da iri ɗari a cikinsa. Chaga ma tana da nata, har da betulin da take samu daga bishiyar birch da take tsirowa a jikinta a ƙasashen sanyi. Su ne masu kwantar da kumburi kai tsaye, suna toshe NF-kB, makunnin da ke umartar ƙwayar halitta ta saki TNF da IL-6. Amma a nan gizo ke saƙa. Kusan duk labaran da ake cewa "bincike ya tabbatar" daga farantin ɗakin gwaji suka fito. Yadda ake yi: a zuba ƙwayoyin garkuwar ɓera a faranti, a ɗiga musu gubar bakteriya su fusata, a ƙara tataccen naman kaza, a auna ko fushin ya ragu. Tsirrai masu ɗimbin yawa sun ci wannan jarrabawa ba tare da sun zama magani ba. A faranti babu ciki, babu hanta, babu ƙoda. A jikin mutum kuwa tiritafin ba ya narkewa sosai a ruwa, kaɗan ne ke ratsa hanji, hanta kuma ta sarrafa shi da sauri, don haka abin da ke isa gaɓa ya gaza ƙwarai a kan abin da aka zuba a faranti. Wani lokacin ma abin da aka zuba ya yi yawan da ya fara kashe ƙwayoyin, matacciyar ƙwaya kuma ba ta sakin komai, sai a rubuta cewa kumburi ya sauka.

Na uku kodisefin ne, wanda aka fara ware shi a 1950 daga jinsin kodisef mai suna Cordyceps militaris. A 2019 masana a Jami'ar Nottingham da ke Ingila sun nuna yana rage zafi da lalacewar gaɓa a ɓeraye masu ciwon zaizayar gaɓɓai. Matsalarsa ita ce jikinmu yana da sinadarin da ke karya shi cikin ɗan lokaci. Kuma a sani, kodisef ɗin daji mai tsada na tsaunukan Tibet kusan ba shi da kodisefin, wanda ake nomawa ne ke da shi.

Na huɗu, agotayonin, shi ne masu talla suka fi mantawa da shi, mu kuwa shi ya fi ba mu sha'awa. Tun 1909 aka gano shi, a 2005 kuma aka gano cewa jikinmu yana da wata hanya ta musamman, OCTN1, ta ɗaukarsa daga abinci ya adana. Jiki ba ya ƙera shi, zafin girki ba ya lalata shi, kuma naman kaza na ci irin su shitake da Pleurotus suna da shi da yawa. Wani bincike a birnin Malmo na Suwidin da ya bi mutum sama da 3,000 kusan shekara 21 ya ga masu yawansa a jini sun fi tsira daga cutar zuciya. Bibiya ce kawai, ba gwajin magani ba, wataƙila masu yawansa dama su ne masu cin abinci mai kyau.

Babu mai musun cewa dangin fangas na iya samar da magani mai ƙarfi ga garkuwa. Ciclosporin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda daga fangas ya fito. Fingolimod, wanda Amurka ta amince da shi a 2010 don cutar da garkuwa ke cin rigar jijiyoyi, an ƙera shi ne daga wani sinadari na Isaria sinclairii, ɗan'uwan kodisef. Sai dai waɗannan an ware sinadari guda ne, an gyara shi, an auna shi da miligiram, an gwada shi a kan dubban mutane kafin ya shiga kasuwa.

Da aka gwada a jikin mutane

Gwajin da ya fi kusa da halin Mama an yi shi ne a Hong Kong, aka wallafa a 2007. Mutum 65 masu amosanin gaɓɓai, rabi aka ba su giram 4 na reishi haɗe da wani haɗin gargajiyar Sin kullum har mako 24, rabi aka ba su maganin holoƙo, wato mai kama da na gaske amma babu komai a ciki. Waɗanda suka sha na gasken sun ce zafi ya ɗan ragu. Amma CRP bai sauya ba, sauran alamun kumburi ba su sauya ba, kuma yawan waɗanda suka samu sauƙin da likitoci ke ƙirgawa bai bambanta yadda za a dogara da shi ba.

A Oslo ta Norway, a 2016, an ba masu kumburin babban hanji mai gyambo su 50 ko dai mililita 60 na wani tataccen ruwa da akasarinsa naman kazar Agaricus blazei ne, ko na holoƙo, har kwana 21. Alamun ciwo da gajiya sun ragu, amma gwajin jini da na kalfurotektin a bayan gida, wanda shi ke auna kumburin hanji, ba su motsa ba. A Ostireliya, a shekarar dai, mutum 84 masu ciwon suga da ƙiba sun shiga gwajin giram 3 na reishi kullum har mako 16, babu abin da ya sauya a suga ko hawan jini ko maiƙon jini.

Wanda ya nuna CRP ya sauka shi ne na Jami'ar Florida a 2015: lafiyayyun matasa 52 sun ci giram 5 ko 10 na busasshen shitake, dafaffe, kullum har mako 4. CRP ya ragu, wasu ƙwayoyin garkuwa sun ƙara kuzari. Rauninsa shi ne babu rukunin da bai ci ba da za a kwatanta da shi. Duk da haka ka lura, abincin ne aka ci a nan.

Hukuncinmu ke nan: sinadaran na gaske ne, sun cancanci a ci gaba da bincike a kansu, amma har yanzu babu gwajin mutane mai girma da ya nuna wani naman kaza yana danne cutar kumburi mai daɗewa. Don ka samu ma'auni, wani nazari na 2007 da ya tattara gwaje-gwajen rage ƙiba ya ga duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana tafiya da raguwar kimanin miligiram 0.13 a lita na CRP. Kilo 8 ke nan zai iya sauke maka kusan maki ɗaya cur, kuma babu kafson naman kaza da ke da shaida irin wannan.

Idan kai za ka gwada

Fara da ci. Giram 5 zuwa 10 na busasshen shitake, ko giram 50 zuwa 100 na ɗanye tunda kusan kashi 90 cikin 100 na naman kaza ruwa ne, sau da yawa a mako. A jiƙa busasshen minti 20 zuwa 30, a yi amfani da ruwan jiƙon a girkin, a dafa shi ya nuna sarai. Wanda ya ci shitake ɗanye ko bai nuna ba yana iya wayar gari bayan kwana ɗaya ko biyu da jajayen layuka masu ƙaiƙayi a jiki kamar shatar bulala. Ana kyautata zaton lentinan ne ke haddasa su, zafi kuma yana karya shi. Suna bajewa da kansu cikin mako ɗaya zuwa uku.

In kuwa reishi kake so, yana da tauri kamar katako, sai dai a dafa a sha ruwan. Kundin magunguna na ƙasar Sin ya sa giram 6 zuwa 12 na busasshe a rana. Fara da 6: a yanka siriri, a zuba a lita ɗaya ta ruwa, in ya tafasa a rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali awa ɗaya zuwa biyu har ruwan ya koma rabi, a tace, a raba sha biyu. Jiƙa shi minti biyar kamar ganyen shayi ɓata kaya ne, domin bangon ƙwayoyinsa na wani abu mai tauri ne da ake kira kaitin, sai doguwar dahuwa ke sakin abin da ke ciki. Ruwan zafi beta-gulukan yake fitarwa, tiritafin kuwa ya fi fita a etanol, shi ya sa wasu kamfanoni ke tacewa sau biyu. Busasshen gari an riga an ƙafar da etanol ɗinsa, na ruwa a kwalba mai ɗigo kuwa galibi yana nan a ciki.

Wajen sayen gari ko kafso ne aka fi cutar mutane. A 2017 an auna kayan reishi 19 da aka saya a kasuwar Amurka, 5 kacal suka dace da abin da aka rubuta a jikinsu. Babbar hanyar ha'incin ita ce a shuka farin zaren saiwar naman kazar a kan dafaffen hatsi, a busar, a niƙe duka har da hatsin. Sai a rubuta yawan "polisakarid", wato sarƙoƙin sukari, a kwali, alhali sitaci ma polisakarid ne. Don haka nemi kwalin da ya faɗi cikakken sunan jinsin, ya faɗi ko daga laimar da ke tsirowa aka yi shi ko daga zaren saiwa, ya kuma ba da adadin beta-gulukan shi kaɗai. Tataccen gari mai kyau yakan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye. Rubutun "10:1" yana nufin kilo 10 aka tace ya koma 1, bai faɗi abin da ya rage a ciki ba. Nemi kuma takardar gwajin wani ɗakin bincike mai zaman kansa kan kadmiyam da dalma da asenik, domin naman kaza yana zuƙar ƙarafa daga inda ya tsiro. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi kan yawan asenik a kodisef ɗin daji. A gida za ka iya dama rabin ƙaramin cokali na garin a ruwan zafi, in ya huce ka ɗiga aidin: in ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi, sitacin hatsi ne ya cika shi. Garin reishi kuma da ba shi da ɗaci, tiritafin ɗinsa kaɗan ne ko babu.

Chaga kam ka bar ta gaba ɗaya. Tana da okzalet mai yawa, wanda ke daskarewa a cikin ƙoda. A 2014 likitoci a Japan sun ba da rahoton wata mata mai shekara 72 da ta sha ƙaramin cokali 4 zuwa 5 na garin chaga kullum har wata 6, ƙodarta ta lalace har sai da aka fara yi mata wankin ƙoda. Mai ciwon suga dama ƙodarsa na cikin hatsari. Haka nan kada ka taɓa tsinko naman kaza a daji da sunan magani. Wani mai guba, Amanita phalloides, yana kama da wasu na ci, dahuwa ba ta kashe gubarsa, alamun ba sa fitowa sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin hanta ta riga ta fara lalacewa.

Kafin ka fara, yi hs-CRP sau biyu da tazarar mako biyu, da ALT na hanta, da kiriyatinin na ƙoda, da HbA1c na suga. Ɗauki iri ɗaya kawai, kada ka sauya wani magani a lokacin, ka sake gwaje-gwajen bayan mako 8 zuwa 12. In babu abin da ya motsa, ka daina. A makonni biyun farko ka ƙara yawan auna suga, musamman in kana kan insulin ko glibenclamide, don reishi da wani naman kaza mai suna maitake na iya ƙara saukar da shi. In kana shan maganin hana daskarewar jini irin su warfarin ko asfirin ko clopidogrel, kada ka fara sai da sanin likita, saboda reishi na iya rage daskarewar jini, kuma a dakatar da shi mako biyu kafin kowace tiyata. Mai ciki da mai shayarwa su tsaya a na girki kawai.

Batun Mama

Ban da batun zaburar da garkuwa, akwai na hanta. Methotrexate kansa yana wahalar da hanta, shi ya sa ake mata gwajin jini duk bayan wata biyu zuwa uku. An samu rahotannin mummunan ciwon hanta ga masu shan garin reishi a Hong Kong da Tailan, da masu shan Agaricus blazei a Japan, wasunsu har sun rasa rai. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ALT ɗin Mama ya tashi bayan ta fara wani gari, likita ba zai iya bambance mai laifin ba, kuma mai yiwuwa maganin da ke kare mata gaɓɓai ne za a dakatar. Naman kaza dafaffe a abinci babu laifi ta ci. Tataccen gari da kafso kuwa, sai in likitanta na amosani ya gani da idonsa ya amince. In ta riga ta fara sha, ku kai masa kwalin, kuma duk ranar da kuka ga idonta ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko tashin zuciya ya ƙi tsayawa, ko jini na fita daga dasashi, ta daina nan take a tafi asibiti.

CRP ɗin da ya ƙi sauka shi ne abin da ya kamata ku bi da gaske. Ƙa'idar jinyar amosani a yau ita ce a ga sauƙi a fili cikin wata 3, a kai ga kwanciyar cutar cikin wata 6, in ba haka ba a sauya tsari. Ku tambayi likitan ko za a ƙara yawan methotrexate, wanda ake iya kai shi miligiram 25 a mako, ko a mayar da shi allura don ya fi shiga jiki, ko a haɗa shi da sulfasalazine da hydroxychloroquine, ko a koma magungunan zamani masu toshe TNF ko IL-6 kai tsaye. Ku tabbatar kuma an duba ko wani abu daban ne ke riƙe da CRP ɗin a sama, kamar ciwon dasashi ko cutar mafitsara ko ƙiba, domin kowanne cikinsu yana iya ɗaga shi ko da gaɓɓan sun lafa.